Gwajin da Aka Yi wa Zinariya

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
"Ba mai taɓa Zinariya sai kin karanta takarda da idonki." Maganar maigidana Baban Usama ce, ranar da likitoci suka ce tsokar zuciyar autarmu ta saki. Yau ina aji ina koyarwa ya kwashe ta zuwa wani kilinik a Fadaman Mada, aka ɗura mata allurar sitem sel. Wai ƙwayoyin ɓargo ne masu gyara zuciya. Shekararta takwas!

Talata, 6 ga Mayu
Na ƙwaci takardar. Da Turanci take. Mai kilinik ya fassara masa da baki: "Gwaji ne kawai, Alhaji." Shi kuma ya ɗauka gwaji irin na jini da fitsari, ya rattaba hannu. Abin da ke rubuce daban: a gwada magani a jikin mutum, a ga ko yana aiki. Babu sunan hukumar da ta amince, ko hatimi babu. Na ce, "Alhaji, kan 'yarka ka miƙa a koyi aski." Wai in ji tsoron Allah. Ni!

Alhamis, 8 ga Mayu
Zazzaɓi. Ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga.

Asabar, 10 ga Mayu
Sista Eunice, nas ɗin da ke maƙwabtaka da mu, ta gano kwana biyar ba a ba yarinyar maganin rage ruwa ba. Mai kilinik ne ya hana, wai zai ɓata aikin allura. Kuma a gidana aka ɓoye min. Eunice ta ce ana binciken nan da gaske a manyan asibitocin duniya, amma ba a kammala ba, kuma ba a raba yaro da maganinsa. "Maman Usama, wannan ganganci ne." Mun mayar da maganin.

Lahadi, 11 ga Mayu
Kumburi ya ɗan saɓa. Na tarar da Baban Usama bakin gadonta yana matsa mata ƙafa, bai san ina tsaye ba. Ya rame. Da ni aka ce wa za ta yi gudu kamar sauran yara... ban sani ba. Ba zai ji wannan daga bakina ba.

Laraba mai zuwa aka sa za a yi allura ta biyu. Na ba shi zuwa azahar ɗin gobe ya kira ya soke. In bai kira ba, zan ɗauki Zinariya da takardar in kai wa likitan zuciyarta, daga nan sai hukumar likitoci. In ya soke ma za ni. Sai dai zan tsaya ya sa hula mu tafi tare.