Muryar Babana Ta Yi Magana Ranar Sadakar Uku

Gwaggo Kaltume, don girman Allah ki taimake ni. Wata shida ke nan ina ɗauke da wannan abu a ƙirji, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni ƴar Tamaske ce, amma a Madawa nake aiki, ina koyar da ordinater, wato kwamfuta, a wata lakwal, makarantar boko. Babana mai zanen ƙwarya ne, irin wanda ake yi da ƙarfe mai zafi. Innata kuwa tabarma take saƙawa, mai ado, da kabar da take rinawa da kanta. A idona na ga abin yana mutuwa. Roba ta kori ƙwarya, tabarmar leda ta kori ta kaba, maza sun tafi bida, wato ci-rani, Abijan, wanda ya iya ɗinkin hula ya koma tura baro. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wanda ke cewa ya daina. Mutum zai ajiye aikin na sati ɗaya, sati ya zama wata, wata ya zama shekara, in ka tambaye shi ya ce hannu ya manta.

Shi ya sa na kashe hutuna na shekara biyu ina haɗa wata manhaja ta salula, wadda mutanenmu ke ce wa aplikasiyo. Babu saye da sayarwa a ciki, babu na ɗaya babu na biyu. Ka ɗauki hoton abin da ka yi yau, ko layi ɗaya ne, ƴan uwa su gani su ce maka sannu da aiki. Mutane suka shigo daga Keita da Garhanga da Buza, har da na Abijan. Akwai wani dattijo a Allakaye da ya shekara goma sha biyu bai riƙe allura ba, ya dawo yana ɗinkin hula. Ranar da na ga hotonsa na yi kuka don murna.

Na tsara ta yadda in mutum ya kwana uku bai tura komai ba, salularsa za ta tuna masa da hantsi. Da yake yawancinsu ba sa karatun boko, sai na ce a yi da murya. Na fara sa tawa, dattawa suka ce yarinya ba za ta tashe su aiki ba. Sai na roƙi Baba, don shi mutum ne mai barkwanci, kowa ya san muryarsa. Ya yi na maza, ya yi na mata. Sannan ya ce sai ya yi wa Inna nata daban. Su biyun taubasai ne tun kafin aure, shekara arba'in suna tsokanar juna. Ga abin da ya ce: “Ke raguwar Adar, kaba ta bushe tana jiranki. Tashi, in na gama ƙwaryag ga in zo in ga abin da kinka yi.” Ana jin dariyarsa a ƙarshe. Duk sanda muryarsa ta yi magana a salular, Inna takan ja tsaki ta jawo kabarta tana murmushi.

Gwaggo, ni da nake ganin ina da wayo, na yi tunanin komai. Na sa manhajar ta yi shiru da damina saboda gona. Na sa ta yi shiru da azumi. Na yi dabarar da za ta yi magana ko babu rezo, wato sabis na waya. Mutuwa ce kawai ban yi tunani ba.

Bayan kaka, wata safiya Inna ta tura hoton tabarmarta, ta kai rabi. Da azahar Baba ya faɗi a zaure, kafin a sami motar da za ta kai shi Keita rai ya yi halinsa. Ban tuna da wata manhaja ba, wa zai tuna? Ranar sadakar uku ta zo daidai da cikar kwana ukun da na sa. Gida cike, malamai suna addu'a a waje, mata sun kewaye Inna a ɗaki, ina kusa da ita. Sai salularta ta yi magana daga kan tabarma. Ya kira ta raguwa, ya ce zai zo ya ga abin da ta yi, ya yi dariya. A waje ma salula huɗu ko biyar suka ɗauka, don duk masu zaman makokin sun kwana uku ba su taɓa aiki ba. Liman ya tsaya a tsakiyar addu'a. Wata ƙanwar Baba ta fita da gudu ba takalmi. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

A take na kashe muryar ga kowa da kowa.  Inna ta ɗauki salularta ta naɗe a wani tsohon rawanin Baba, ta kife ƙwarya a kai. Ta gama takaba wata biyu da suka wuce, amma tabarmar nan tana nan a nannaɗe bayan ƙofa, ba ta ƙara mata ko sili ɗaya ba. In na je gida tana amsa gaisuwata, ta tambaye ni aiki, shi ke nan. Hafsa, matar yayana, ta ce duk ranar kasuwa Inna takan ba ta salular ta kai a yi mata sharji, ta dawo da ita a mayar ƙarƙashin ƙwaryar, alhali ba ta kiran kowa. Ni dai na ɗauka so take ta riƙa tuna mini abin da na yi mata.

Manhajar ma tana mutuwa. Tun da muryar ta yi shiru, sai a wuni hoto biyu ne ya shigo. Dattijon Allakaye ya sake ajiye allura. Mutanen Abijan suna roƙona in dawo da muryar, wai in sun ji ta kamar suna gida. Yayana Ango kuwa ya rantse in ban goge ta ba babu ni babu shi, wai na hana mamaci hutawa, na mai da mahaifinmu abin wasa. Kuma ita ce kaɗai muryarsa da ta rage a duniya.

In goge ta ne, ko in dawo da ita, ko in rufe komai in huta? Na haɗa abin nan don kada hannun mutane ya mutu, ga shi na kashe hannun uwata. Ina jin kunyarta, ina jin haushin kaina.

Ɗiyar mai zanen ƙwarya, Madawa

Ɗiyata, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya ba ku haƙuri.

Kuskure dai kin yi, ba zan shafa miki mai a baki ba. Amma kuskure ne na mai aiki, ba na mai mugunta ba, kuma wata shida na azabtar da kai sun isa haka.

Yayanki yana da gaskiya ta gefe ɗaya. Muryar wanda ya rasu ba abar da za ta riƙa faɗo wa mutane ba ce ba su shirya ba, balle da tsokana. Kada ki mayar da ita wurin tunatarwa. Amma gogewa wani abu ne daban, don in kin goge ba ta dawowa. Maganar hana mamaci hutawa kuwa, ni ba malama ba ce. Ku je ke da shi wurin malamin da ku biyun kuka yarda da shi, ku ji daga bakinsa. Mutanen Abijan su ma kewarsu gaskiya ce. In gidanku ya amince, ki ajiye muryar a inda sai wanda ya so zai danna ya ji.

Manhajar kada ki rufe ta. Ki sa wurin da mutum ko ɗan uwansa zai danna a san ana cikin rasuwa, ko jinya, ko jego, komai ya yi shiru. Sannan ki haɗa su biyu-biyu, kowa da abokin da zai neme shi in ya ji shiru. Da mutum ne ke tuna wa Innarki aiki, da ya san an yi mutuwa a gidan. Ki fara da dattijon Allakaye, ki kira shi da kanki.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki. Wata shida kina fassara shirun mahaifiyarki, ba ki tambaye ta ko sau ɗaya ba. Wadda ta tsani salula tana jefa ta a rijiya, ko ta miƙa wa mai ita. Ba ta naɗe ta a rawanin mijinta, ba ta kai ta sharji duk sati. Ban san zuciyarta ba, ke ma ba ki sani ba. Wataƙila fushi take yi. Wataƙila kuma ta daina saƙa ne tana jiran ya sake ce mata raguwa, ba ta san kin rufe bakinsa tun ranar nan ba. Waccan muryar ita ya yi wa, ba ke ba, ba Ango ba, kuma kin kashe ta ba ki nemi izininta ba.

Ki bar ordinater a Madawa ki tafi Tamaske. Ki zauna da ita ku biyu, ki nemi gafarar abin da ya faru ranar uku, sannan ki tambaye ta ko tana son ta ji shi. In ta ce a'a, ki adana ki yi shiru. In ta ce i, ki kunna mata ki fita ki ja ƙofa. Kada ki yi mata zancen tabarma, ta san inda ta ajiye ta.

Allah ya sanyaya zuciyarku, ya dawo wa hannunta da ƙarfinsa. Ki gaishe mini da ita.

Gwaggo Kaltume