Rijiyar da Na Ce Maka Na Cike

Zuwa ga Malam Yohanna, hedimastanmu.

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ba ka iya ajamina ba, cewa kake kamar tururuwa ce ta faɗa tawada ta fito tana yawo. Ka yi haƙuri, shi kaɗai na iya, kuma maganar nan ba ta ba wani ya rubuta ba ce.

Ka tuna shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka nufi akurki a Ƙofar Dumi? Yara suka watse daga aji suna kuka, Ladi 'yar aji biyu ta faɗa rijiyar bayan makaranta. Ni na shiga da igiya na fito da ita. Rijiya gaba bakwai, amma ko ƙwarzane babu a jikin yarinyar, kuma daga ƙugu zuwa sama rigarta a bushe take. Ta ce wani ne ya tallafe ta daga ƙasa. Ka ce firgita ce.

A makon da abin ya faru ka sa ofishin ilimi suka aiko da tifa biyu ta duwatsu. Ka ce in cike rijiyar kafin ka dawo daga kwas.

Malam, ban cike ta ba.

Mahaifina ne ya haƙa ta, tun makarantar tana gonar dawa. Shi ya ce mini rijiya mai ido ba a binne ta da ranta, in za a rufe ta sai a bar mata numfashi. Sai na jera azara a bakinta, na shimfiɗa tsohon kwano, na zuba ƙasa na daddaɓe, na bar 'yar kafa ƙarƙashin wani faffaɗan dutse. Duwatsunka kuwa katangar yamma na toshe da su, har ka yaba mini. Da ka tambaye ni, na dubi tsakiyar idonka na ce na cike ta har wuya. Ka zauna ka rubuta wa ofis, ka sa hannu. Shekara da shekaru muna cin gyaɗa a benci ɗaya, ran Kirsimeti matarka Saratu ta aiko mini da shinkafa, ran Sallah in kai maka nama, ban taɓa iya faɗa maka ba. Ko a bakin kabarinka can Bogoro na buɗe baki, sai na rufe.

Labarin gida: Saratu ta koma Tirwun wurin ɗanku, ƙafa na damunta. Mangwaron da ka shuka ya fi rufin ofis tsawo. Har yau ni ke buga ƙarfen tashi. Yara sun yi yawa, aji ɗaya har kan taga ake zama. Shi ya sa ofis ya amince a gina sabon aji na ƙananan yara. An zo an auna, an kafa turaku, an ja zare. Ka san inda tsakiyar ajin ta faɗa? Kan dutsen nan.

Na je taron kwamitin makaranta ba a gayyace ni ba. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa musu akwai rami a ƙasa. Shugaban kwamiti ya yi dariya, ya ce Baba Garba ya fara hira da aljanu, a ba shi kujera. Mutumin ofis bai yi dariya ba, yaro ne mai ladabi. Ya buɗe fayil ya zaro takardarka, ta yi ja don tsufa. Ya karanta: an cike rijiya da duwatsu, hedimasta ya gani ya tabbatar. Ya tambaye ni a hankali ko ina nufin Malam Yohanna ya yi wa hukuma ƙarya ne. Duk wanda ke ɗakin kai ka koyar da shi ko ɗansa. Wa zai ɗauki maganar maigadin da bai san boko ba, ya bar taka? Na fita.

Ka ga abin da na jawo? Gaskiyarka ce yau take rufe ƙaryata.

Kuma wurin ba ya barina. Ana tsakiyar bazara, ko'ina ƙasa ta tsage, amma tun da aka kafa turakun nan wurin ke yin danshi, zagaye kamar faifai. Awaki kewaye shi suke yi. In ƙwallo ta gangara can, yara tsayawa suke cirko-cirko suna kallonta, alhali ba wanda ya taɓa gaya musu komai. Jiya da azahar na buga ƙarfe sau uku. Ina ajiye sanda na ji na huɗu, daga ƙarƙashin ƙafata.

Azara nawa ne ƙarfinta bayan shekarun nan? Gara ta bar mata wani abu? Wanda ya tallafi yarinya ɗaya, zai tallafi aji guda?

Ladi ta yi aure a Ƙofar Ran. Shekaranjiya ta kawo 'yarta a rubuta sunanta a sabon ajin. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce wa yarinyar ga kakan da ya fito da uwarta daga rijiya. Yarinyar ba ni take kallo ba. Dutsen take kallo.

Gobe, da na idar da sallar asuba, kafin leburori su iso, zan ɗauki diga in ɗaga dutsen nan, in yaye ƙasa har kwano ya bayyana. Zan zauna a bakin ramin sai shugaban kwamiti da mutumin ofis sun zo sun leƙa da idonsu. Zan faɗa a gaban kowa cewa hannunka ne a takarda, amma ƙaryar tawa ce. In sun karɓe ƙarfen, su karɓa.

Ka yafe mini, Malam. Sai na zo.

Naka, Garba maigadi, wanda ya ce maka ya cike ta.