Kai Ka Toshe wa Babur Hanci

Sarkin Gudu,

Na fita aiki kana ta minshari.

Jiya ka dawo min da babur ɗin daji yana aman ruwa, ka rantse wa Baba gasket, shimfiɗar nan ta ƙarƙashin kan inji, ne ya ƙone, har kana neman sifana ka kwance kan inji. Sannu, gwani!

Da safe na buɗe lagireto na tayar da babur ɗin. Ko kumfa ɗaya babu, gasket lafiyarsa ƙalau. Kai ka ɗura ruwa har baki. In ya yi zafi, ina zai je in ba waje ba? Kwalin nan kuma da ka rubuta sunanka ka ɗaure a gaban lagireto, ta ina iska za ta shiga? Bayansa laka ce danƙare. Ka gode Allah fistan bai maƙale a cikin inji ba saboda zafi, injin da ke shan fetur da mai a gauraye ba ya yafiya.

Ka wanke lakar, kada ka taɓa kan inji. Jibi da shi zan je gona.

Kwalin na rataye maka a ƙofar ɗakinka. Can babu abin da ke aiki, balle kwalin ya hana shi shan iska.

Yayanka