Na ce ma Yaya Dakar

Keita, daren Laraba, 10 ga Satumba

Barci ya ƙi zuwa. Yau Yaya Hadiza ta dawo daga aiki da takardu biyu. Duk inda ta nemi karatun mastar, wato digiri na biyu, na kiwon lafiyar jama'a sun ɗauke ta. Ɗaya a Yamai, kan yara masu tamowa. Ɗayan a Dakar, kan bin sawun annoba irin su sanƙarau.

Na ji tana waya da Inna. In Yamai ne, da ni za ta tafi, in ci gaba da kolej wurinta. In Dakar ne, sai a nemo wanda zai riƙe ni a garin Garhanga, kusa da su Inna, don ƙauyenmu babu kolej. Ni da ko gaida baƙi ke yi mini wuya.

Muna cin tuwo ta ce, "Ke Auta, sarkin shiru, mi kika gani? Wacce zan ɗauka?"

Har na buɗe baki in ce Yamai, sai na tuna sau uku ta karanta takardar Dakar tana shafa ta. Ta Yamai kuwa, kwanon miya ta ɗora a kai. Na ce, "Dakar."

Ta daɗe tana kallona. "Har zuciyarki?"

Na gyaɗa kai.

Ban sani ba ko ƙarya na yi. Ina son ta tafi, kuma ba na so. Jibi za ta ba su amsa. Ɗazu na lallaɓa na goge miyar da ta ɓata takardar Yamai, na ɗora ta sama da ta Dakar.