Keken Tsere da Ciwon Bayana

Daren Laraba, Daura

Yau na koma wajen Sale mai kekuna. Guda biyun suna nan jingine: na tsere, wanda sai an duƙa ake kama kansa, da na doguwar tafiya mai faffaɗar taya.

Likita ya ce in riƙa hawa keke saboda sugan nan. Ni na tseren nake so, irin wanda nake zuwa Zango da shi ina saurayi, ba mai kamo ni.

Na hau, ina duƙawa bayana ya riƙe. Sai da Sale ya tallafe ni na sauko.

Ya ce, "Baba, ɗauki ɗayan, shi ba ya wahalar da jiki."

Bara ma "Yaya" yake ce mini, yau na zama "Baba".

Ban gwada ɗayan ba, ina tsoron shi ma ya gagare ni a gaban mutane.

Isha'i a kan kujera na yi ta, kamar kullum tun azumi. Ban san me ya kai ni hawa keken tsere ba. Mutumin da ruku'u ya gagara, shi ne zai duƙa wa keke?