Nambooze Ta Durƙusa

Daga Nairobi

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya mutanen Masaka? Mu lafiya lau, cizon da jikarki ta yi min a hannu ma ya kusa warkewa, kada ki damu.

Kin tuna kukan da kika yi, cewa jikarki Nambooze shekararta takwas ba ta taɓa durƙusawa ta gaishe ki ba? Muka yi ta danna kafaɗunta tana ihu. Na ba Malama Wairimu labarin, mai koyar da yara masu lalurar galahanga irin Nambooze. Ta ce, "Maman Nambooze, ku daina danna ta. Gaisuwar nan aiki shida ce, ku ne kuka ɗauke ta ɗaya."

Sai ta rarraba ta: tsayawa, gwiwa ɗaya, gwiwa biyu, har ƙarshe. Wata huɗu muna yi a gaban hotonki, duk matakin da ta iya a ba ta yankan mangwaro.

Jiya ina feraye ayabar matoke ta dafawa na waiga. Ba wanda ya ce mata komai, ba mangwaro, sai ga ta gwiwa biyu a gaban hoton. Ikon Allah! Wuƙar ma faɗuwa ta yi daga hannuna.

Muna tafe da Kirsimeti. Don Allah ki sa shuɗiyar rigar nan ta cikin hoton. Da ita ta san ki.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Namusoke