Wuyan Baji Sumbul

Litinin, 7 ga Oktoba

Zan faɗa a nan tunda ba mai gani. Shaidar da marasa lafiya suke bayarwa a bidiyon asibitin Abbu, mahaifinmu, ni nake tsara musu ita. Wannan kam yayana Daniyal ya sani, shi ke riƙe wayar. Abin da ba wanda ya sani shi ne daɗin da nake ji. Ni da ko gaisuwa sai muryata ta maƙale, sai ga dattijo mai gemu yana faɗin kalmomina har idonsa ya kawo ruwa. Kuma rabin wahalar da nake ɗora musu, daga littattafan soyayyar da ke ƙarƙashin katifata nake ɗebo ta.

Laraba, 9 ga Oktoba

Abbu ya gyara wuyan Baji Sumbul, mai ɗinkin bayan layinmu. Sanƙarewa ce kawai, ta yawan sunkuyo a kan keken ɗinki. Ya riƙe kanta, ƙas, ƙas, ta miƙe tana dariya. Ta sha shayinmu, Abbu ya ƙi karɓar kuɗinta, to da wane baki za ta ƙi bidiyo? Ta ce, "Na ji sauƙi, na gode." Daniyal Bhai ya ce, "Wannan ko kaza ba za ta tsaya kallo ba. Tehmina, sa mata gishiri."

Na sa. Wai shekara da shekaru ba ta iya ɗaga tukunya, ƙannenta ke yafa mata gyale, ta fid da ran zama mace kamar kowa. Ta karanta tana toshe baki. "Ke 'yar nan, kashe ni za ki yi?" Amma ta faɗa. Ta yi kyau ƙwarai da haske ya faɗo mata a kumatu.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Bidiyon ya zagaye garinmu, Faisalabad. Bencin asibiti ya cika, har kan matakala. Abbu ya sayo mana jalebi, soyayyen kayan zaƙin nan, da zafinsa.

Talata, 15 ga Oktoba

Dangin Waqar, wanda zai auri Baji Sumbul, ba su zo sa rana ba. An dafa shinkafar biryani, an aro kujeru, shiru. Ammi, mahaifiyarmu, ta jiyo wai uwarsa, Khala Zubaida, ta ga bidiyon. Ta ce ba za ta kawo amaryar da ita za ta koma yi wa jinya ba, wa zai kwaɓa mata fulawar gurasar chapati?

Waqar ɗin da yake zagayowa ta layin da babur don kawai ya ji ƙarar kekenta. Na daɗe ina kallonsu ta taga. Har sunan 'ya'yansu na zaɓa musu, a raina.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na ce wa Daniyal Bhai ya cire bidiyon. Ya ce, "Malamar soyayya, ke kika rubuta ko ni? Ko na cire, ya riga ya shiga wayar kowace gwaggo a garin nan." Na je wajen Abbu, sai da na tsaya ya gama wanke hannu kafin maganar ta fito. Ya ce, "Beti, 'yata, haka kowa yake talla. Mai asibitin kan kwana ma hayar mutane yake su yi masa ɗingishi. Za su huce."

Ba wanda ya ji ni. Ko ban buɗe murya sosai ba ne. Oho.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Uwar Baji ta je gidan su Waqar ta yi ta rantsuwa cewa 'yarta lafiyarta ƙalau. Khala Zubaida ta ce, "Da bakinta ta faɗa, a gaban likita. Ko dai mara lafiya ce, ko maƙaryaciya. Wacce zan ɗauka?"

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na buɗe littafi na rufe. Jarumar sai kuka take, haushi ma ta ba ni.

Asabar, 19 ga Oktoba

Baji ta kawo rigar Ammi, muka haɗu a matakala. Da ma zagina ta yi. Sai ta gyara mini gyale ta ce, "Kin iya rubutu, Tehmina. Ni kaina da na kalla sai da na tausaya wa kaina." Ta sauka a hankali.

Na rubuta wa Khala Zubaida wasiƙa, tunda baki ba zai yi ba. Ta farko ta fito da wata da taurari da hawaye, na yaga. Wannan ba ado: wuya ne, na 'yan kwanaki, sauran ni na ƙaga, ita kuma kunyar Abbu ta sa ta karanta.

Matsalar, Khala ba ta iya riƙe magana. Kafin la'asar unguwa za ta san shaidun asibitinmu rubuta su ake yi. Bencin nan zai koma wayam. Kuma Abbu ya iya aikinsa, wallahi ya iya, shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Abbu yana ƙasa yana waƙa, yana goge sabon allon asibitin. Na kasa cin gurasar paratha.

Da na yi niyyar tura wasiƙar ta ƙarƙashin ƙofar Khala Zubaida in gudu. Amma za ta ce Baji ce ta sa aka rubuta. A hannunta zan sa. In ta ce, "Ke ce 'yar likitan?" in ce e, ni ce, ko da muryar ta ƙi fita sai na sake.

Bari in sa takalmi, in bi ta ƙofar baya, kafin Abbu ya ɗago ya yi mini murmushi.